'Yar Jar Rana a Ɗakin Tiyata

Akwai wani injiniyan fitilu da mutane ke kira Rana-Tsaka. Sunan bai zo masa a banza ba. Duk ginin da ya sa wa hannu, banki ne, ɗakin taro ne, filin ƙwallo ne, in ka shiga sai ka nemi inuwarka ka rasa. Aikinsa yana kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Matsalar ita ce ya san yana kyau, kuma so yake har bango ya sani.

Yana da wata ɗabi'a. In ya gama aiki, sai ya manna tambarinsa a saman allon makunnai: wata 'yar rana ja, faɗinta bai wuce murfin kwalba ba, tana ci da wuta kullum. Ko an kashe komai, ita ba ta mutuwa. Yakan ce, "Don in an shiga duhu a san wanda zai fitar da mutane."

Ku riƙe zancen 'yar ranar nan, za mu dawo kanta.

Wata rana aka kira shi wani asibiti ya tsara fitilun sabon ɗakin tiyata. Likitar da za ta yi aiki a ɗakin mace ce, likitar ƙwaƙwalwa, gajera, ba ta da yawan magana. Ta tsayar da shi a tsakiyar ɗakin tana yi masa bayani, shi kuwa yana latsa waya.

Ta ce, "Injiniya, mara lafiya zai sha wani magani kafin a shigo da shi. Ƙarin da ke cikin ƙwaƙwalwa yana shanye maganin, lafiyayyen nama ba ya sha. In na kunna shuɗiyar fitilar da ke jikin madubina mai ƙara girman abu, sai ƙarin ya yi ja-ja, kamar garwashin da toka ta rufe. Jan nan nake bi ina cirewa. Amma ba shi da ƙarfi. Hasken ɗaki ya ɗan yi yawa, ya ɓace min."

Bai ɗago ba ya ce, "To a kashe wuta mana."

"In an kashe, da me Sista za ta miƙo min almakashi? Da hanci? Mai sa barci kuma da me zai ga fuskar mara lafiya?"

Sai a nan ya sa wayar a aljihu. "Likita, tsaya in fahimta. Kina son duhu, kuma kina son haske. A ɗaki ɗaya. A lokaci ɗaya."

"Haka ne."

"Kuma ni aka kira, ni, in zo in yi duhu?"

"Ba ni na zaɓe ka ba," in ji ta.

A baranda, daidai ƙofar ɗakin, akwai wani dogon benci. Kullum za ka tarar da wani mai aski zaune a kai da rigar asibiti, matarsa a gefe. Rediyo ake ce masa, don tun da ya buɗe shago ba a taɓa sayen rediyo a ciki ba, bakinsa ya wadatar. Mutum zai zo aski ya tafi da labarin duniya, da shawarar aure, da zagin ƙungiyar ƙwallonsa, duk a zama ɗaya.

Shi ne wanda za a fara yi wa aiki a sabon ɗakin. Ƙarin nasa ya kwanta ne jikin wurin da magana ke fitowa. Likita ta gaya musu gaskiya: in ta rage, zai dawo da wuri, in ta zarce ko da kaurin farce, zai tashi ba baki. A farar fitila kuwa ƙarin da ƙwaƙwalwar kamarsu ɗaya. Shi ya sa ake jiran ɗakin.

Ranar farko da Rana-Tsaka ya zo wucewa, Rediyo ya bi kansa da kallo ya ce, "Oga, don Allah wa ya yi maka wannan aika-aikar a ka? Faɗa min sunansa in kai ƙara."

Matarsa ta make shi a cinya. "Kai dai ba ka ji. Yi haƙuri, Injiniya, haka yake."

"Haƙurin me, Mutuniyar? Dubi ƙeyarsa fa, kamar ɓera ya yi kalaci. Oga, gama min ɗakin nan da wuri, in na tashi zan gyara maka kyauta, albarkacin idon jama'a."

Rana-Tsaka ya yi murmushin dole ya wuce.

Gwajin farko abin takaici ne. Ya cika silin da manyan fitilu, ya haɗa su a makunni ɗaya. Aka taru, ya danna. Ɗif! Sista ta yi karo da teburin kayan aiki, ƙarafa suka zube, mai sa barci yana ihu daga lungunsa, "Ina mara lafiyan? Ni ko hannuna ba na gani!" Ya sake dannawa, haske ya zubo kamar an watsa ruwan zafi. Likita ta dafe idonta, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ta ce, "In da kan mutum a buɗe yake a gabana, yanzu tsaye zan yi ina jiran idona ya dawo."

Ya koma ya sa abin rage haske a hankali. Aka sake taruwa. Yanzu kuma farin bango ne ke dawo da hasken kan gado. Aka canza fenti. Sai gilashin ƙofa. Aka rufe shi. Sai mai sa barci ya ce shi a wannan hasken ba ya bambance leɓen da ya yi shuɗi da lafiyayye. Sista ta ce allura in ta faɗi ƙasa sai dai a yi mata addu'a.

Rana-Tsaka ya fito yana huci, yana ba direbansa labari da ƙarfi don kowa ya ji. "Na haska filin da mutane dubbai ke zama, ko ɗaya bai yi ƙorafi ba. Mutum uku sun hana ni sakat! Wannan ta ce ya yi yawa, wancan ya ce ya yi kaɗan. Su je su sayi kyandir mana!"

Kuma duk wannan wahalar, jama'a, da ya saurara tun ranar farko da rabinta ba ta faru ba. Komai Likita ta faɗa masa. Amma shi in ana magana ba ji yake ba, jira yake a gama.

Wani abu kuma da ya fi ba ni haushi: bai taɓa tsayawa cikin duhun da yake haɗawa ba. Yana da 'yar na'urar auna haske. Zai kashe wuta, ya je bakin gado, ya juya wa allon makunnai baya, ya ɗora na'urar, ya karanta, ya ce, "Ya yi." Kafin ka ja numfashi biyu ya kunna wuta. Shi duhu a wurinsa kamar bashin kunya ne, ba a daɗewa a ciki.

A baranda kuwa, Rediyo yana raguwa.

Da farko ƙananan kalmomi ne suka fara zubewa. Zai ce, "Mutuniyar, miƙo min... abin nan... na shan ruwa." Ya yi dariya, a yi dariya. Daga baya labarin da ya ɗauko sai ya tsinke a tsakiya, ya tsaya yana lalube a iska da yatsu kamar mai neman makunni a baƙon ɗaki. Ya daina tsokanar masu shara. Ya daina gyara wa masu jinya labarin ƙwallo. In Rana-Tsaka ya zo wucewa, sai dai ya nuna ƙeyarsa ya girgiza kai.

A ƙarshe dai injiniyan ya yi abin kirki, don na ce muku ya iya aiki. Ya sauke hasken daga sama ya mai da shi ƙasa-ƙasa: wani kore mai laushi yana bin gindin bango, wani yana sauka kan teburin Sista kaɗai, wani ɗan ƙarami a lungun mai sa barci, duk sun juya wa gadon baya. Sista ta jefa allura ƙasa da gangan, ta tsince ta. Mai sa barci ya ce, "To, yanzu ka zo gari." Rana-Tsaka ya ɗauko 'yar jar ranarsa ya manna a saman allo, ya goge ta da hankici.

Saura gwajin Likita.

Ga yadda take yi. Sista za ta jiƙa auduga a faranti, ta ɗiga maganin nan a gefe ɗaya ba tare da Likita ta gani ba. Sai a rage wuta, Likita ta leƙa madubi, ta zagaye inda ta ga ja, wato inda za ta yanka ke nan in da mutum ne.

Aka rage wuta. Rana-Tsaka ya koma can gefe ya harɗe hannu, don kada ya tare wa mutane tambarinsa. Likita ta daɗe a kan madubi, sannan ta zagaye. Aka kunna.

Sista ta duba. Ta ce, "Likita, nan gefen ban ɗiga komai ba."

Aka canza faranti. Aka sake. Haka dai: inda maganin yake ta gani daidai, amma sai ta ƙara da wani ɗan gefe, kullum ɓangare ɗaya, inda babu komai sai ruwa.

Rana-Tsaka ya zaro na'urarsa, ya je bakin gado yadda ya saba, ya auna. "Ga shi nan. Ɗakina lafiya lau. Likita, ba raini ba, yaushe rabon da a duba miki ido?"

Sista ta ce, "Kai!"

Likita ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki farantin ta kai masa har gaban hanci, ta sa yatsa a gefen da ta zagaye a banza. "Ka ga nan? A kan mutumin da ke zaune a waje, nan ne sunan matarsa yake. Nan ne sunan 'yarsa. Akwai jan da ke shigo min daga wani wuri. Ba zan buɗe kansa a ɗakin nan ba sai an gano shi."

Aka sake ɗaga aikin.

Ya fito a fusace zai wuce, matar Rediyo ta miƙe ta tare hanya. Ba ta yi masa ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

Ta ce, "Injiniya, ni ban san aikinku ba. Amma yau da safe ya kalle ni, ya buɗe baki zai kira ni, abin bai zo ba. Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa kirana da sunana ba, Mutuniyar yake cewa, har na gaji da ji. Yau ita nake nema." Ta gyara mayafi. "Shi ke nan abin da zan ce."

Rediyo ya kamo bakin rigarsa. Idonsa cike da tsokana, ka san akwai wata baƙar magana da ya tanada, amma ta ƙi fitowa. Ya yi ta kokawa da ita. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne kalmomin da ya fi faɗa a rayuwarsa, waɗanda yake gaya wa duk wanda ya shigo shago.

"Zauna," in ji shi. "Kar ka motsa."

Duk mutanen baranda suna kallo. Rana-Tsaka ya rasa inda zai sa fuskarsa. Gaba mutane, baya mutane. Wurin ɓuya ɗaya ne ya rage masa: ya koma cikin ɗakin tiyatar, ya rufe ƙofa, ya kashe komai har koren, ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar gado.

Ba bincike ya shiga yi ba, kunya ce ta kora shi. Amma ya zauna. Bai motsa ba.

Da fari baƙi ne kawai, irin wanda ke danne ƙirji. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin tashi ya kunna wuta. Ya daure. Can sai duhun ya fara sassautawa, kamar ruwan da aka bari ya kwanta. Ya fara ganin gefen tebur. Ya ga hannun madubin Likita a sama da shi.

Sai ya ga wani abu a jikin ƙarfen: ɗan ja, siriri, kamar an shafa da yatsa.

Ya miƙe a hankali. Ga shi a bakin tiren kayan aiki. Ga shi a cikin farantin da aka bari, yana kwance a kan jiƙaƙƙiyar audugar, gefe ɗaya. Ya matsa kusa don ya duba da kyau, jan ya ɓace. Ya ja da baya, ya dawo. Ya sake matsawa, ya ɓace.

Jikinsa ne ke tare shi. Ɗazu da ya zo aunawa, bayansa ne ya rufe abin da yake nema.

Ya juya.

'Yar jar ranarsa tana can a saman allo, ita kaɗai a duk ɗakin, tana ci abinta.

Shi da bakinsa ya ce ya daɗe a tsaye yana kallonta. Zuciya ta ce masa ya liƙa mata baƙin tef ya yi shiru, gobe a gwada a ga ya yi, a ce Rana-Tsaka ya sake yin abin nasa. Wa zai sani? Har ya zaro tef ɗin. Sai ya tuna tef yana ɓamɓarewa, kuma wata rana mai goge-goge zai cire shi don ya ga kamar datti ne, alhali kan wani yana buɗe.

Ya ɗauko sukundireba ya kwance ta, ya datse wayar tun daga tushe. Wurin ya bar ɗan rami a allo. Ya je ofishin Likita ya ajiye mata a tebur.

Ya ce, "Ga jan naki. Idonki lafiya lau. Nawa ne ke da ciwo."

Ta juya 'yar ranar a tafin hannunta, ta dube shi. "Sau nawa ka shiga ɗakin nan, Injiniya?"

"Ba zan iya ƙirgawa ba."

"Yau ka fara shiga. Kira min Sista."

Aka sake gwaji, faranti bayan faranti. Inda aka ɗiga, nan ta zagaye. Ko kaurin gashi ba ta ƙara ba.

Da safe aka shiga da Rediyo. Rana-Tsaka ba shi da sauran aiki a asibitin, amma ya zo ya zauna a bencin nan, a wurin da mai askin ya saba zama. Wayarsa ta yi ta ƙara, ya kashe ta. Shi da matar suka yi ta jira har rana ta karkata, Likita ta fito tana cire hula ta ce, "Na ga iyakarsa sarai. Na tsaya inda ya tsaya. Saura mu ji bakinsa."

Maganin nan yana sa fatar mutum ta ƙi haske na ɗan lokaci, don haka aka kwantar da shi a ɗaki mai duhu-duhu. Wanda ya bi tagogi yana jan labule, yana toshe kafofi, yana faɗa da masu kunna fitilar waya, kun san ko wane ne? Mutumin da ya ce shi ba a kiransa ya yi duhu.

Rediyo ya farka bai ce komai ba. Aka wuni, shiru. Matarsa tana riƙe da hannunsa, ta daina ma tambaya. Washegari da hantsi injiniyan ya leƙo, ya durƙusa zai gyara labulen da ya zame, ya ba gadon baya.

Sai aka ji wata murya a shaƙe, tana jan ƙafa kamar mai koyon tafiya.

"Mutuniyar... dubi... ƙeyar nan. Har yanzu... ba a kama wanda ya yi ba?"

Matar ta fashe da kuka tana dariya tana dukan katifa. Rana-Tsaka bai juyo ba. Ya daɗe yana gyaran labulen da ya riga ya gyaru.

Rediyo ya koma shago. Ya cika alkawari, ya yi wa injiniyan aski, ya zage shi tun daga goshi har ƙeya. Injiniyan ya ba shi 'yar jar ranar, ya rataye ta a jikin madubi da zare. In an tambaye shi mece ce, sai ya ce, "Wannan? Ƙarin da aka cire wa Oga ne. Nawa a ka, nasa a allo."

Ba zan yi muku ƙarya ba, irin wannan ciwon ba ya cika barin mutum. Ya ba shi lokaci, ya ga 'yarsa ta fara karatu, ya koya mata baƙar magana, ya cika gida da surutu har maƙwabta suka koma ƙorafi. Sannan ciwon ya dawo ya ɗauke shi. Amma har daren ƙarshe na rayuwarsa da bakinsa ya tafi. Ya yi sallama da kowa da sunansa. Ya yi kalmar shahada da harshensa, ba wanda ya ɗauko masa ita.

Rediyo yayana ne, ciki ɗaya. Injiniyan ne ya ba ni rabin labarin nan da ya zo mana gaisuwa, ya ce in rubuta kada in rage komai. 'Yar ranar tana nan a jikin madubin shagon, ba a haɗa ta da wuta ba. Shagon ya yi shiru da yawa. Har yau mun kasa sayen rediyo.

Darasi: Ba kullum ne taimako yake nufin ka ƙara haskenka ba. Wani lokacin abin da ke hana a ga ciwon ɗan'uwanka shi ne ɗan sunan nan naka da ka ƙi kashewa, kuma ba za ka gan shi ba muddin ba ka iya zama shiru ka saurara. Ka rage kanka, ka yi haƙuri idonka ya buɗe, don jinkirin da girman kai ke jawowa wani ne ke biyansa da kwanakinsa. Ku tura wa duk wanda aikinsa ya shafi rayuwar mutane, kuma in kun kai nan, ku sa yayana a addu'a.